Muhawara: jumlar "in… to…" da wuraren da hujja take gocewa

Malam Idirisu, Asawase:
Assalamu alaikum. Tunda jarrabawar WASSCE ta kammala sakandare ta matso, kuma akwai sashen tunani da kafa hujja a lissafi, ga abin da nake so mu tattauna. Ku riƙe wannan jumla: in mutum yana cikin kasuwar Kejetia, to yana Kumasi. Rabin farko littafin lissafi yana kiransa p, mu ce masa kai. Rabin ƙarshe q, mu ce masa wutsiya. Hujja huɗu ake iya ginawa a kanta.

Ta 1: yana Kejetia, don haka yana Kumasi.
Ta 2: ba ya Kumasi, don haka ba ya Kejetia.
Ta 3: yana Kumasi, don haka yana Kejetia.
Ta 4: ba ya Kejetia, don haka ba ya Kumasi.

Ko yaro ya san biyun farko sun tsaya, biyun ƙarshe sun faɗi, domin mutumin da ke zaune a Aboabo yana Kumasi kuma ba ya Kejetia. Shi kaɗai ya isa ya rushe ta 3 da ta 4. Amma a sauya kalmomin a ce: in batir ya mutu mota ba za ta tashi ba; mota ta ƙi tashi; ashe batir ya mutu. Manya da yawa za su gyaɗa kai, alhali ta 3 ce ta sake riga. Me ke jawo haka, kuma yaya za a koya wa ɗalibi ya gane ta duk rigar da ta sa?

Ustaz Haruna, Aboabo:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan babi tsoho ne a zauren karatu. A ilimin mandiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, ana kiransa ƙiyasul istisna'i. Kan jumlar sunansa muƙaddam, wutsiyar kuma tali. Abdurrahman al-Akhdari, wanda yaranmu suka sani ta littafinsa na fiƙihun ibada, shi ne ya tsara waƙen Sullam a mandiƙi a shekarar 941 bayan hijira, kuma ƙa'idar tana ciki: tabbatar da muƙaddam yana haifar da tabbatar tali, kore tali yana haifar da kore muƙaddam, akasin waɗannan biyu ba ya haifar da komai. Dalilin da masu sharhi ke bayarwa shi ne tali yana iya fin muƙaddam faɗi. Misalinsu: in wannan abu mutum ne, to mai rai ne. Doki mai rai ne, amma ba mutum ba ne. Dokinsu shi ne mutumin Aboabo naka.

Hujja ta 2 kuwa malaman tauhidi a kanta suke karanta aya ta 22 ta Suratul Anbiya: da akwai wasu alloli a sama da ƙasa ban da Allah, da saman da ƙasan sun lalace. Ba su lalace ba, saboda haka babu wasu allolin. An kore tali, muƙaddam ya koru.

Masta Awudu, Suame Magazine:
Malamai, Allah ya ƙara sani, amma ban yarda a ce ta 3 kuskure ce kawai ba. Duk aikin gyaran mota a kanta yake tafiya. Mota ba ta zuwa gareji da takardar abin da ke damunta, alama take kawowa, daga alamar ake komawa baya a nemo sanadi. In an hana bakanike cewa "ta ƙi tashi, batir ne", daga ina zai fara?

Malam Idirisu, Asawase:
Masta, ba a hana shi farawa daga nan ba. Abin da aka hana shi ne ya tsaya a nan. "Wataƙila batir ne, bari a gwada" zato ne mai kyau. "Batir ne, je ka sayo sabo" hukunci ne, kuma jumlar farko ba ta ba shi wannan hukuncin ba. Don Allah ka faɗa mana yadda gwajin yake tafiya daki-daki, ina zaton a cikinsa za mu ga amsar.

Masta Awudu, Suame Magazine:
To. Mota ta ƙi tashi, abubuwan da ke iya sa hakan suna da yawa: batir, kan batir ya yi tsatsa ko ya saki, wayar da ke haɗe da jikin mota ta kwance, fis ya ƙone, sitata ta lalace, makulli, ko a mota mai giyar otomatik an bar giya ba a kan P ko N ba. In kuma injin yana juyawa amma bai kama ba, magana ta koma wajen mai da fulogi, ta bar batir.

Farko ana ɗora mita a kan batir, injin a kashe. Cikakken batir yana ba da kusan volt 12.6. In ya sauka ƙasa da 12 ya yi rauni sosai. Sai a ba da wuta ana kallon mitar: lafiyayyen batir bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da sitata ke ja. In ya tsaya a 12.5 bai ko motsa ba, kuma ba a ji sitata ta yi ƙara ba, to wutar ba ta isa sitata ba ne, a bar batir a bi waya da fis. In mota ta tashi, a sake aunawa: ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In an ga 12 da ɗan kai, altaneta ba ta caji, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya mutu. Nan ne masu mota suke asarar kuɗi sau biyu.

Malam Idirisu, Asawase:
Madalla. Duba abin da ka yi. Ka ce: in batir ya mutu, mita za ta nuna ƙasa, ko ta faɗi warwas lokacin ba da wuta. Mita ba ta nuna ƙasa ba, ba ta faɗi ba. Saboda haka batir bai mutu ba. Wannan ita ce hujja ta 2 tsantsa, wadda littattafan boko ke kira da Latin modus tollens. Alama ce ta ba ka jerin waɗanda ake tuhuma, amma da ta 2 kake sallamarsu ɗaya bayan ɗaya har a bar mai laifi. Bakaniken da ya ƙware da ta 3 yake buɗe bincike, da ta 2 yake rufe shi. Wanda bai ƙware ba da ta 3 yake buɗewa yake rufewa.

Hajiya Salamatu, ma'aikaciyar jinya, Tafo:
A ɓangarenmu illar ta fi ta batir. "In yaro yana da zazzaɓin cizon sauro jikinsa zai yi zafi. Jikinsa ya yi zafi. Ashe maleriya ce." A kan wannan ake sayen magani a kanti a ɗura wa yaro, alhali zafin jiki yana zuwa da ciwon huhu, ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, taifod, cutar mafitsara, har da sanƙarau. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma karin maganar ba ta faɗi abin da ya tsamar da shi ba. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya.

Sai dai ina da gyara a kan maganar Malam Idirisu, kada a ɗauka ta 2 ba ta cin mutum. Ana cewa: in akwai maleriya, gwajin gaggawa zai nuna layi biyu, ya nuna layi ɗaya, babu maleriya. Ginin hujjar daidai ne, amma jumlar farko ba kullum take gaskiya ba. Ƙwayoyin cutar suna iya yin kaɗan a jini, ko an ɗiga jini ƙasa da ƙima, ko kayan gwajin sun sha zafin rana a ajiya, ko an karanta kafin minti 15 zuwa 20 da aka rubuta a kwalin su cika. Ta ɗaya ɓangaren kuma, gwajin da ke neman sinadarin ƙwayar maleriya mai suna HRP2 yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke, don haka layi biyu bai hana wani ciwon daban ya zama shi ne sanadin zafin yau ba.

Ustaz Haruna, Aboabo:
Hajiya ta taɓo bambancin da malaman mandiƙi ke yi tsakanin sura da madda, wato ginin hujja da kayan da aka gina ta da su. Hujja tana faɗuwa ta ɗayan biyu. Ta 3 da ta 4 gininsu ne ya karkace, ko an zuba musu gaskiya zalla ba su da tabbas. Misalin gwajin jini kuwa gininsa a miƙe yake, tubalin ne ya tsage. Maganin kowanne daban: na farko a sauya hujjar, na biyu a koma a binciki jumlar farko.

Zuwaira, ɗalibar SHS, Sawaba:
Malamai, ina gaisuwa. Abin da ke ruɗa ni jadawalin gaskiya da ƙarya ne. An ce in p ƙarya ne, jumlar "in p to q" gaskiya ce ko da q mene ne. Yaya ƙarya za ta haifi gaskiya?

Malam Idirisu, Asawase:
'Yata, ɗauki jumlar a matsayin alkawari. Baba ya ce: in kin ci jarrabawa zan saya miki waya. Hali huɗu ne kawai ke iya faruwa. Kin ci, ya saya: ya cika alkawari. Kin ci, bai saya ba: ya saɓa. Ba ki ci ba, bai saya ba: bai saɓa ba. Ba ki ci ba, ya saya don tausayi: nan ma bai saɓa ba, domin bai taɓa cewa komai a kan faɗuwa ba. Layi ɗaya cikin huɗu ne jumlar ke ƙarya, wato kai gaskiya, wutsiya ƙarya. Ba wai ƙarya ta haifi gaskiya ba, alkawarin ne ba a karya shi ba.

Ga yadda za ki gwada kowace hujja a takardar jarrabawa. Ki ja layuka huɗu na p da q. Ki soke duk layin da ɗaya daga jumlolin da aka ba ki ta zama ƙarya a cikinsa. Ki dubi abin da ya rage: in akwai ko layi ɗaya da sakamakon ya zama ƙarya, hujjar ta faɗi. A ta 3, bayan sokewa layi biyu ke saura, kuma a ɗayansu p ƙarya ne, shi ne layin wayar tausayi. A ta 4 ma wannan layin ne ke kayar da ita. In jadawali ya yi miki nauyi, zana ƙaramin da'ira a cikin babba, Kejetia a cikin Kumasi, ki tambayi kanki ko akwai wurin tsayawa a cikin babban da ba ya cikin ƙaramin.

Wani wurin da ake zubar da maki: a ce a kore jumlar "in p to q". Ɗalibai sukan rubuta "in p to ba q ba". Kuskure ne. Korewarta ita ce "p ya faru kuma q bai faru ba", wancan layi guda da Baba ya saɓa.

Alhaji Mamman, Kumasi Zango:
Ni a nan nake da ja. Uban da ya ce "in kin ci zan saya miki", kowa a gidan ya fahimci cewa in ba ta ci ba babu waya. Haka ake magana. Ka ce wa yaro in ka wanke mota zan ba ka sidi 20, ya ƙi wankewa ya zo neman kuɗi yana cewa ai ba ka ce in bai wanke ba ba za ka ba shi ba, wa zai saurare shi? Kuma Ustaz ya sani, mu Malikawa muna kafa hujja da mafhumin mukhalafa, wato fahimtar akasin hukunci a inda abin da nassi ya ambata bai samu ba. A Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 an ce in matan da aka saka suna da ciki a ciyar da su har su haihu, malamanmu suka fahimci cewa wadda aka yi wa sakin da babu kome kuma ba ta da ciki, tana da wurin zama amma ba ta da ciyarwa. To wannan ba ita ce hujja ta 4 da kuka ce ta faɗi ba?

Ustaz Haruna, Aboabo:
Allah ya saka, Alhaji, wannan ita ce tambaya mafi nauyi da aka yi a nan. A zahiri sun yi kama, amma kama da wane ba wane ba ne. Mai kafa hujja da mafhumi ba ya cewa ginin "in… to…" shi kaɗai ya ba shi sakamakon. Yana ƙara wata jumla da ba a furta ba: mai hikima ba ya sa ƙaidi, wato iyakancewa, a magana sai don hukuncin ya rataya a kansa. Da wannan ƙarin, "in" ta zama "sai in", kuma hujjar ta miƙe. Duk gardamar malaman usul, wato ilimin tushen fiƙihu, a kan wannan ƙarin take. Hanafiyya ba su karɓe shi a nassosin shari'a ba, shi ya sa a wannan mas'alar suka ba matar ciyarwa da wurin zama duka. Da tsantsar mandiƙi ce ke haifar da hukuncin, da ba a samu saɓani ba.

Waɗanda suka karɓe shi ma sun kewaye shi da sharuɗɗa. In an san ƙaidin ya zo ne don bayyana abin da ya fi faruwa a lokacin, ko don amsa wata tambaya, ko wani nassi ya yi magana a kan ɗaya ɓangaren, ba a aiki da mafhumin. Dubi aya ta 101 ta Suratun Nisa'i a kan ƙasaru, inda aka ce "in kun ji tsoro". Ya'ala ɗan Umayya ya tambayi Sayyidina Umar cewa ai yanzu an samu aminci, Umar ya ce shi ma abin ya ba shi mamaki har ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka amsa masa cewa sadaka ce Allah Ya yi muku, ku karɓi sadakarSa. Tsoro ya kau, ƙasaru bai kau ba. Muƙaddam ya koru, tali yana nan.

Haka misalin sidi 20. Al'ada ce ta cike gurbin, domin kowa ya san babu wani dalilin ba da kuɗin sai wankin. Inda ake faɗawa rami shi ne a ɗauki wannan al'ada ta lada da alkawari a kai ta wurin da wutsiya ke da sanadi goma, kamar zafin jiki.

Malama Rabi, malamar Hausa, Asokore Mampong:
Harshenmu ya riga ya raba waɗannan, mu ne ba ma lura. "In ka zo zan ba ka" daban, "ba zan ba ka ba sai ka zo" daban. Ta farko ta ce zuwa ya wadatar, ba ta ce shi kaɗai ne hanya ba. Ta biyu ta ce dole ne a zo, amma ba ta yi alkawarin in an zo za a samu ba. "Sai" tana juya kibiya. Wanda ya ce ba a shiga jirgi sai da fasfo, abin da ya faɗa da alamar lissafi shi ne: in ka shiga jirgi, to kana da fasfo. Fasfo wutsiya ne, ba kai ba. Mai fasfo da babu biza ko tikiti yana nan a ƙasa.

Abin da ke ƙara rikita ɗalibin da ya yi makarantar allo da ilimi shi ne kalmar sharaɗi kanta. A nahawu, abin da ya biyo bayan "in" shi ake kira sharaɗi. A fiƙihu kuwa sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke kore abu amma samuwarsa ba ta tabbatar da shi, kamar alwala ga salla. Babu alwala, babu salla ingantacciya. Amma mai alwala ba lallai ya yi salla ba. Wato sharaɗin fiƙihu a wutsiya yake zama: in salla ta inganta, to akwai alwala. Ɗalibi ya ji "sharaɗi" ya kai alwala wajen p, jadawalinsa duka ya kife.

Masta Awudu, Suame Magazine:
Malama, wannan ya warware min wani abu. Lafiyar batir irin alwala ce ga tashin mota: ba ta tashi sai da shi, amma samunsa bai isa ba. Sai dai ga wata matsala a gwaji. Kwan gwaji ya ƙi kamawa a kan waya, a ce wayar ba wuta. Alhali kamawarsa tana bukatar abu uku: wuta a wayar, kwan da ransa, da kyakkyawan haɗi da jikin mota. Shi ya sa ake fara taɓa shi a kan batir a ga ya kama kafin a yarda da shi.

Malam Idirisu, Asawase:
Daidai, kuma a jarrabawa ma yana fitowa. In kai ya ƙunshi abu uku da "kuma" ya haɗa su, kore wutsiya yana nuna aƙalla ɗaya daga ukun ya faɗi. Bai ce duka ba, bai kuma nuna wanne ba. Taɓa kwan a batir shi ne cire biyu daga tuhuma don ta rage kan ɗaya.

Ga gwaji ga Zuwaira da 'yan ajinta. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Peter Wason, ya fito da shi a 1966. Kati huɗu a tebur, kowanne da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. Ana ganin A, K, 4, 7. Doka: in kati yana da wasali, to lambar bayansa tana rabuwa biyu daidai. Waɗanne katuna ne dole a juya don a san ko an karya dokar?

Zuwaira, ɗalibar SHS, Sawaba:
A da 4, Malam.

Malam Idirisu, Asawase:
Amsar da mutane suka fi bayarwa ke nan, har da ɗaliban jami'a, kuma ta 3 ce ta sake dawowa. Sake ta da wannan. A Ghana ba a jefa ƙuri'a sai an kai shekara 18. Mutum huɗu a gabanki: na farko da tawada a yatsa, na biyu bai yi zaɓe ba, na uku shekararsa 40, na huɗu shekararsa 16. Wa za ki bincika?

Zuwaira, ɗalibar SHS, Sawaba:
Mai tawada, a ga shekarunsa. Da ɗan 16, a ga yatsansa. Ɗan 40 ko ya yi ko bai yi ba babu laifi. To ashe 4 shi ne ɗan 40, ko me ke bayansa dokar ba ta karye ba. A da 7 za a juya, domin in aka samu wasali a bayan 7 an karya ta.

Hajiya Salamatu, ma'aikaciyar jinya, Tafo:
Haka ne, 'yata. Malam Idirisu, in za ka haɗa musu tambayoyin gwaji, ka sa guda biyu da "sai" a ciki kamar yadda Malama Rabi ta kawo, kuma ka sa ɗaya wadda sakamakonta gaskiya ne amma gininta karkatacce, misali yaro mai zafin jiki da aka gwada aka samu maleriyar ce da gaske. A irin wannan ne suke cewa hujjar ta inganta tunda ta dace.

Malam Idirisu, Asawase:
Zan sa. Tambaya goma zan turo daren Juma'a in Allah ya yarda, uku daga ciki da "sai". Kowa ya rubuta kai da wutsiya a gefe kafin ya ja jadawali, kuma in ya ce hujja ta faɗi, ya kawo mutumin Aboabo nata.